Shin amsa wa haske mai murɗawa hujja ce ta rabuwar Rashba?

Malam Kabiru: 'Yan uwa, ga inda na tsaya. Duk ferobiskait (wani nau'in kiristal) mai hawa-hawa na dalma da aidin da ya bambance haske mai murɗawa dama da mai murɗawa hagu, akwai rabuwar Rashba a cikinsa, wato rabuwar rukunin makamashin ilektiron gida biyu bisa ga juyinsa. Dalma ce ta 82 a jadawalin sinadarai, shi ya sa cuɗanyar juyin ilektiron da kewayensa ke da ƙarfi haka. A 2017 masu bincike a Jami'ar Utah sun ba da rahoton rabuwar kusan 40 meV (ma'aunin makamashi, kashi ɗaya cikin dubu na eV) a (PEA)2PbI4, ɗaya daga cikin irin wannan ferobiskait. Me kuma ya rage?

Dokta Hauwa: Malam, ƙarfin cuɗanyar ban musa ba, ita ce ke rage tazarar da ke tsakanin rukunin makamashi na ƙasa da na sama a ferobiskait ɗin MAPbI3 da kusan 1 eV a lissafi. Amma Rashba ba ta samuwa sai kiristal ya rasa cibiyar daidaito, wato inda kowane atam ke da takwaransa a ɗaya ɓarin. Shi kuwa (PEA)2PbI4, awon tsarinsa ya nuna yana da wannan cibiya. To daga ina rabuwar ta fito?

Malam Kabiru: Awon tsari matsakaici yake nunawa. Zafi yana girgiza atam, daidaiton yana karyewa na ɗan ƙiftawar ido, ga kuma saman kiristal.

Aliyu: Dokta, a yi mini haƙuri, ɗalibi ne ni. In babu Rashba, me ya sa hasken da ke fitowa yake riƙe murɗawar wanda aka haska?

Dokta Hauwa: Tambayar ke nan, Aliyu. A kiristal ɗin GaAs (galiyam da asenik) cuɗanyar tana raba rukunin makamashi na ƙasa ne, don haka haske mai murɗawa ba ya daidaita juyin ilektiron fiye da kashi 50 cikin 100. A ferobiskait na dalma kuwa rukunin sama take rabawa, na sama da na ƙasa duka su zama masu halin juyi biyu kacal. Sai hasken dama ya ɗaga juyi ɗaya, na hagu ya ɗaga ɗayan, a ƙa'ida har kashi 100. Wannan yana faruwa ko da cibiyar daidaito tana nan daram. Abin da ke damuna shi ne ɗalibai suna ganin wannan su rubuta Rashba.

Malama Binta: Ni a ɗakin gwaji na ga wata matsalar. Siririn fim da ƙwayoyinsa suka jeru waje ɗaya yakan ba da alamar bogi ta bambance hasken dama da na hagu. Juya fim ɗin ta baya ka sake awo. In alamar ta sauya daga ƙari zuwa ragi, ba ta gaskiya ba ce.

Malam Kabiru: To ferobiskait masu ƙwayar MBA fa, ƙwayar sinadarin da ke da siffa biyu, mai hannun dama da mai hannun hagu? A 2021 an yi fitilar LED da ita, ta ba da haske mai murɗawa kashi 2.6 a zafin ɗaki, babu maganaɗisu.

Dokta Hauwa: Can na yarda babu cibiyar daidaito, rabuwar tana iya samuwa. Sai dai masu fitilar sun danganta abin da tace juyi da ƙwayoyi masu hannu ke yi, wanda Ron Naaman da abokan aikinsa suka fara nunawa a 1999.

Malam Kabiru: Na janye kalmar "duk". Amma girgizar zafi ban janye ba. Malama Binta, za ki iya auna mana samfuri ɗaya daga tsananin sanyin 10 K (ma'aunin Kelvin) zuwa zafin ɗaki, gaba da baya?