Maki goman Bala: yana da su ko ba shi da su?

Aminu: Salamu alaikum. Ga abin da ya tsayar mana da wasan Nomic, wasan da 'yan wasa ke sauya dokokinsa ta hanyar kawo kuduri da jefa ƙuri'a. Doka ta 204 ta ce duk wanda ya ƙi kudurin da ya samu rinjaye yana da maki 10. Na kawo kudurin soke ta, mu huɗu muka amince, Bala kaɗai ya ƙi. Yanzu yana neman makinsa, kuma 93 gare shi, da an ba shi ya haye 100 ya cinye wasan. Ni a ganina babu ko ɗaya, tunda doka ta 205 ta ce gyara yana fara aiki ne da zarar an kammala ƙuri'a.

Bala: Yaya Aminu, lokacin da na jefa ƙuri'ata 204 tana nan daram, da ita na yi lissafi. Doka ta 107, wadda ke cikin dokokin da ba a gyara su kai tsaye, ta hana gyara ya koma baya ya shafi abin da ya riga ya wuce. Hana ni makin nan komawa baya ne.

Hauwa: Bala, ba a kan jefa ƙuri'a ake ba da makin ba, a kan ƙin kudurin da ya yi nasara ne. Kuduri kuwa ba ya zama mai nasara sai ƙuri'a ta rufe. Kafin nan ba ka da haƙƙin da za a ce an ƙwace maka. Haihuwar haƙƙinka da mutuwar dokar a lokaci guda suka faɗo, matsalar ke nan.

Malam Idris: Peter Suber, malamin falsafar da ya ƙirƙiro wasan a Amurka a 1982, ya tanadi doka ta 211: idan dokoki biyu masu gyaruwa suka ci karo, mai ƙaramar lamba ce ke gaba. 204 ta riga 205, ta kuma riga kudurin Aminu, tunda lambar kudurori daga 301 take farawa.

Aminu: Allah ya gafarta Malam, 211 tana raba rigima ne tsakanin dokoki biyu masu rai. Ko 204 na da rai a wannan lokacin, ai shi ne abin da muke gardama a kai.

Malam Idris: To ka duba wannan. Kafin a ce an soke 204, dole a fara cewa kudurinka ya yi nasara. Nasara ce ta haifi sokewar, ko da babu daƙiƙa ɗaya tsakaninsu. Nan nake ganin Bala ya samu ƙafar tsayawa.

Zainab: Tunda ni na yi wasa kafin Yaya Aminu, doka ta 212 ta ɗora mini alƙalanci. Hujjar Malam ta ƙarshe ta fi gamsar da ni, na ba Bala makinsa. Za ku iya soke hukuncina kafin mai bi ya fara, amma sai duk ku huɗun kun yarda.

Hauwa: Duk mu huɗu har da Bala? Anti Zainab, wannan ma sai mun tattauna shi kafin kowa ya ce wasa ya ƙare.