Na fitar da albam, abokai sun yaba, mai rediyo ya ce duk waƙoƙin ɗaya ne. Wa zan gaskata?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni tela ne, shagona yana Gwammaja, kuma ina taɓa waƙa tun ina sakandare. Bayan ƙaramar Sallar da ta wuce na fitar da albam ɗina na farko, waƙa 9, duk ni na rubuta, ni na rera. Wata 7 na yi ina zirga-zirga zuwa wani sutudiyo a Zoo Road, kullum sai bayan isha'i in na rufe shago. Kuɗin ɗinkin Sallah kaf can ya tafi, har keken ɗinkina na biyu sai da na sayar.

Na ɗora a Audiomack da YouTube, na kuma kai wa masu turi a Farm Centre. Abokaina suka yi ta cewa na gama da kowa, wani har ya ce bana ba mawaƙi sai ni. Kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye ba.

Sai wani mai shirin waƙoƙi a wata tashar FM a nan Kano ya sa biyu daga ciki. Ina shago, almakashi a hannuna, na ji ya ce ya saurari dukkansu, kuma wanda ya ji ɗaya ya ji duka, in ban da ta shida. Ita ta shidan ita ce na yi wa mahaifiyata, kan suyar ƙosan da ta yi ta yi da asuba har muka tasa. Kuma ita ce mai kiɗana ya dage mu cire, wai ba ta da rawa.

Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Wani abokina ya ce hassada ce, ko kuma don ban kai masa na goro ba. Ni dai raina bai kwanta da wannan amsar ba. Don Allah wanda ya san harkar ya gaya min gaskiya komai ɗacinta: yaya ake gane albam ya yi kyau? Da bakin abokai, ko da bakin mutum ɗaya da bai san ka ba?

Mai Fiyano:

Wa alaikumussalam abokina. Shekarata 11 ina haɗa kiɗa, kuma tun kafin in saurara na san abin da ya faru, don kusan kowane sabon mawaƙi haka yake yi.

Ka zo da waƙa, ka rera wa mai kiɗa, shi kuma ya buɗe fiyanonsa na Yamaha ko kwamfuta ya ɗauko salon gangar da hannunsa ya saba da shi. Gobe ka dawo da wata, ya sake ɗauko shi, ya ɗan canja sarewa ko goge a sama. Kai kuma muryarka tana da inda take jin daɗin zama, kullum nan kake farawa. A zuba otocun, wato manhajar da ke gyara murya, iri ɗaya a kai. To ina bambancin zai fito? Ka gwada wani abu yau da dare: kunna ta farko, ka riƙa yin tafi kana bin kiɗanta, ka tsallaka ta biyu ba tare da ka daina tafin ba. In tafinka bai ɓace ba har ka kai ta biyar, mai rediyo ya yi gaskiya.

Amma kar ka ɗora wa mai kiɗanka laifi duka. Mu ma kasuwa muke kallo. Waƙar da DJ zai sa a gidan biki, ko 'yan TikTok su yanki daƙiƙa 30 su hau, ita ke dawo da kuɗi. Albam sukutum kuwa, wallahi ko mu da muke haɗawa ba kasafai muke zama mu ji shi daga farko har ƙarshe ba.

Baban Sadiq:

Malam ka koma kan kekenka, ɗinki ya fi rufin asiri.

Malamar Hausa:

Baban Sadiq, ai shawara ya nema, ba sallama ba.

Ƙanena, na nemo albam ɗin na saurara jiya ina gyaran takardun ɗalibai, sau biyu. Na yarda da rabin maganar Mai Fiyano, rabin kuma ban yarda ba. Da kiɗa ne kaɗai matsalar, da Ɗan Maraya Jos bai yi suna ba. Kuntigi ne a hannunsa, tsirkiya ɗaya tal, da shi ya yi ta waƙa har ya rasu a 2015, kuma ba ka jin an ce waƙoƙinsa ɗaya ne. Dalili, kowace tana da mutumin da take kallo. In ya ɗauki karen mota, sai ka ga karen motar a gabanka da dauɗarsa da wahalarsa.

Kai matsalarka a baitoci take. Ɗauki biro ka rubuta kalmomin ƙarshen layukanka: zuciya, duniya, gaskiya, lafiya, masoyiya. Su ne suke ta juyawa. Amsa-amon “-iya” yana da arha, shi ya sa kowa ke faɗa masa, kuma da zarar ka kama shi, shi zai riƙa zaɓa maka abin da za ka faɗa. Akwai inda ka ce za ka bar duniya, na kuma tabbata ba nufinka ba ne, layin sama ne ya ƙare da zuciya.

A ta shida ba ka samu wannan sauƙin ba. Kasko, ƙullu, hayaƙi, tsinken tsamo ƙosai, sanyin hunturu, yaro yana gyangyaɗi da faranti a cinya. Waɗannan ba sa amsa wa juna, dole ka yi gumi kafin ka jera su, kuma gumin ya fito. Lokacin da muke karatu a BUK, a darasin waƙar baka, littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau muka sha, inda ake raba gindin waƙa da ɗiyanta. Gindi shi ne abin da ake komawa, ɗiya kuma kowanne ya kawo sabon abu. A ta shida kowane ɗa yana ƙara wani abu a kan na baya. A sauran, ɗiyan gindin suke maimaitawa da wasu kalmomi.

Wani abu kuma da ke damuna, ba kai kaɗai ba: a garin nan waƙa tana samun masu tace ta, tun da an kafa hukumar tace fina-finai a 2001 kuma mawaƙa ma suna ƙarƙashinta, tana samun masu yabo da masu zagi a Facebook, amma mai zama ya ce baiti kaza ya yi rauni saboda kaza, sai an tona. Masu iyawar suna jami'a, rubutunsu yana cikin kundayen digiri, mawaƙi bai taɓa gani ba.

Tsohon Ƙofar Wambai:

Yaro, jikana ne yake rubuta min wannan. Na sayar da kaset a Ƙofar Wambai tun kafin a haife ka, har zuwan CD, har memori ta zo ta tashe mu.

Kaset mai minti 60, rabin awa ne kowace fuska. Mai saye zai tsaya a gaban teburina ya ce sa min farkon fuska ta ɗaya, juya min ta biyu. In biyun nan ba su kama shi ba, ya ajiye ya wuce. Saboda haka masu hankali ba sa jera waƙa yadda ta zo musu. Mu kuma muna gane wadda ta karɓu ba tare da wani ya faɗa a rediyo ba. Za a dawo da kaset ya tauna zare, ka sa biro ka naɗe, sai ka ga wuri ɗaya ne ya sha jiki, don nan ake ta mayarwa baya. Na Shata kuwa, Allah ya jiƙansa, bayan rasuwarsa a 1999 ma ba su daina fita ba.

Kai da ka san kana da waƙar uwa, me ya sa ka ɓoye ta a ta shida? Wa zai kai can? Mutumin rediyon nan ya kai, ka je ka gaishe shi.

Ɗan Gwammaja:

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Malama, na yi abin da kika ce. Waƙa 7 cikin 9 a kan “-iya” suke, na ji kunya ni kaɗai a shago. Tafin ma na gwada, Mai Fiyano, sai a ta shida ya ɓace.

Jiya na kai wa Inna ita a waya, don ban taɓa sa mata ba. Ta saurara shiru har ta ƙare, sannan ta ce ita ba ta taɓa suya da aci-bal-bal ba, fitilar ƙwai ce, kuma Yayata ce mai riƙe farantin, ni barci nake a kan buhun wake. Ta ce in gyara. Mai Fiyano, ko ka san mai gurmi ko kuntigi da zai yarda ya shigo sutudiyo? Ina so in sake ɗaukar ta ba ganga.