Fassarar Punjabi ta fi fim ɗin asali daɗi, ko ɓarna ce?

Baban Sadiq: Jama'a, ku raba mu. Wani ɗan Pakistan da muke aiki tare a Jidda ya rantse wai Baby's Day Out na Punjabi ya fi na Turanci daɗi nesa ba kusa ba. Fim ɗin 1994 ɗin nan, na jaririn da ɓarayi uku suka sace ya riƙa gasa musu aya a hannu a Chicago. Ni na ce ƙarya ne, ta yaya kwafi zai fi asali?

Maman Ilham: Yaya, asalin ma ai faɗuwa ya yi a Amurka, ko kuɗin da aka kashe bai dawo ba. Mutanen Indiya da Pakistan ne suka ɗaukaka shi, har aka sake yin irinsa da harshen Telugu a 1995.

Ɗan Fagge: Baban Sadiq, kuskurenka kiran abin kwafi. Masu wannan sana'a ta ɗora wa fim murya, galibinsu 'yan birnin Faisalabad na Pakistan irin su Sajjad Jani, ba ruwansu da abin da Bature ya faɗa. Sai su kashe muryar, su raɗa wa 'yan wasan sunayen gida, su cusa musu ba'a da baƙar magana irin ta dandalin wasan barkwancinsu, wadda suke kira jugat. Ɓarawon da ya faɗo daga bene a Turance ihu kawai zai yi, a Punjabi kuwa sai ya tsine wa abokinsa har dangin uwarsa kafin ya iso ƙasa. Kuma ka lura, jariri ba ya magana, rabin fim ɗin gudu ne da faɗuwa, don haka fili ne aka bar musu su zuba abin da suka ga dama.

Malamin Makaranta: To a nan gizo ke saƙar. An ce fim na iyali, ka zaunar da yara, sai ga zagi da maganganun 'yan tasha. Ballantana tun zamanin faifan CD ba da izinin masu fim ake yi ba. Ku daina yi wa sata kwalliya.

Ɗan Fagge: Allah gafarta Malam, batun izini na ba ka. Amma daɗi ake gardama a kai, ba halacci ba.

Maman Ilham: Akwai abin da kuka tsallake. A Pakistan babu harshen uwa da ya kai Punjabi yawan jama'a, amma makaranta da ofis Urdu ne da Turanci. Mutum ya ji Bature sanye da kwat yana yaren ƙauyensu, dole dariya ta kama shi tun kafin a yi barkwancin. Sannan Punjab ta Indiya da Gurmukhi take rubutu, ta Pakistan da Shahmukhi, rubutacciyar fassara ba za ta haɗa su ba. Murya kuwa ba ta san iyaka ba.

Baban Sadiq: Kenan kamar Indiya-Hausa ta Algaita a Kano.

Malamin Makaranta: A'a, kada ka haɗa. Namu dai suna bin labarin, ko da sun sa gishiri. Waɗancan labarin ma ba su bar shi ba.

Baban Sadiq: To ni har yanzu ban yarda ya fi ba. Wani fim ne daban ya ari hoton wani. Ɗan Fagge, kai da kake ta kare su, Punjabin kake ji ne?

Ɗan Fagge: Shekara nawa ka yi kana kallon Indiya a sinimar Marhaba, Hindin kake ji?