Waɗanda suka taɓa shiga gasar kati a shagon unguwa, ku zo ku ba mu labari

Ɗan Fagge (Ingila):
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani shagon kati kusa da masaukina, duk Asabar suna shirya gasar Yu-Gi-Oh!, wasan katin dodanni na Japan. Ni tun fitowar manhajar wasan, Master Duel, a 2022 nake bugawa a waya, amma ban taɓa zama gaba da gaba da mutum riƙe da katin takarda ba. Yanzu na haɗa dek ɗina, wato tarin katunan da zan buga da su, na kati 40, na sa masa riguna, 'yan ledojin da ake zura kowane kati a ciki, saura in taka ƙafa in shiga. Don Allah duk wanda ya taɓa yi ya faɗa mana yadda ta kasance. Me ake zuwa da shi? Ya kuke yi da salla? Kuma mai dek na talaka yana da abin yi a wurin, ko zuwa kawai zai yi a ci da shi?

Baban Ilham (Jamus):
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka je, kar ka tsaya jira sai ka shirya.

Ni a Malesiya na fara lokacin ina karatu. Can katunan Japan muke bugawa, waɗanda ake kira OCG, su ne kamfanin Konami ya fara fitarwa a 1999. Da aiki ya kawo ni Jamus na taho da akwatina cike, na je shago ranar gasa, na biya kuɗin shiga, na zauna. Abokin karawata ya yanke dek ɗina, ya ga kati na farko da na ajiye, sai ya ɗaga hannu ya kira alƙalin wasa. Alƙalin ya yi mini bayani cikin mutunci: Turai da Amurka nasu bugun katin suke bi, wato TCG, wanda aka fara a 2002, kuma katin OCG ba ya shiga gasarsu ko da sunan kati da hotonsa iri ɗaya ne. Abin da ya taɓa zuciyata, wani dattijo mai furfura a teburin gefe ya zuge jakarsa ya miƙo mini dek ɗinsa na biyu, ya ce in buga da shi in dawo masa in an tashi. Bai san ni ba, bai tambayi ko sunana ba. Har yau muna gaisawa.

Kai da kake Ingila ba ka da wannan matsalar in a nan ka sayi katunanka. Ko na Jamusanci ko na Faransanci ne suna shiga, in dai na TCG ne, sai dai ka tanadi fassararsu a waya don wanda zai nemi karantawa.

Abin da zai fi ba ka wuya shi ne barin waya. A Master Duel na'ura ce take tsayar da wasa ta tambaye ka ko za ka kunna kati. A tebur babu mai tambayarka. In lokacin kunna Ash Blossom, katin da ake tare motsin abokin karawa da shi, ya wuce ba ka yi magana ba, ya wuce ke nan. Kamar wanda ya saba da mota otomatik ne aka miƙa masa mai giya. Dole ka furta duk abin da kake yi da baki, ka ce na shiga yaƙi, na kunna wannan, kana da amsa? Makin rai 8000 ɗin nan da kowa yake farawa da su kuma ku biyu za ku riƙa rubutawa, don haka ka zo da biro da takarda. Sannan karo ba wasa ɗaya ba ne, wanda ya riga cin biyu cikin uku shi ya ci, kuma tsakanin wasa da wasa ana musanya kati daga dek na gefe mai kati har 15. Mutanen waya da yawa suna zuwa babu na gefen nan sam.

Ka kuma duba jerin katunan da aka haramta da waɗanda aka taƙaita. Na Master Duel daban, na TCG daban. Katin Maxx "C" da ka saba gani a waya, a TCG haramtacce ne tun 2018.

Zango Boy (Bronx, Niyok):
Ni Magic nake bugawa, wani wasan katin daban, amma tambayarka ta kuɗi da ta salla duk na sha su.

Batun kuɗi, abin da ya cece ni shi ne diraf na daren Juma'a. Mutum 8 ne a tebur, kowa a ba shi fakitin kati 3 sababbi a rufe. Ka buɗe na farko, ka zaɓi kati ɗaya, ka miƙa sauran hagu, na dama ya miƙo maka nasa, haka har fakitin ya ƙare. Na biyu ya bi dama, na uku ya koma hagu. Daga abin da ka tsinta za ka haɗa dek na kati 40, shago ya ara maka katunan ƙasa, wato land, masu ba da ƙarfin kunna sauran katunan, yawanci 17 ake sawa. A nan mai akwatin dala dubu da wanda ya shigo da kuɗin shiga kaɗai duk ɗaya suke. Ido da lissafi ne suke aiki. Na ga yaro ɗan sakandare ya zauna ya lallasa mutumin da yake bugawa tun shekarar da Richard Garfield ya fito da wasan a 1993, mutumin ya miƙe yana dariya yana yaba masa.

Salla kuwa, da hunturu ba matsala, magariba tana faɗuwa kafin a fara. Da bazara ne take faɗowa tsakiyar gasa. Zagaye minti 50 ne, in lokaci ya cika a ƙara juyi 5 a tashi, kuma in ka makara minti 10 bayan an fara sabon zagaye an ba abokin karawarka. Na samu mai shagon na yi masa bayani tun kafin ranar. Ya kai ni ɗakin ajiya na baya, ya ture kwalaye biyu na fakitoci da ƙafa, ya ce nan ya ishe ka? Tun daga nan darduma ƙarama ba ta barin jakata. Nakan zo da alwalata, kuma in na ga lokaci zai matse nakan karkata ga katunan launin ja masu saurin kai hari, don wasan ya ƙare da wuri in samu tazara. Yanzu in na gama karo na miƙe, shi da kansa yake nuna mini ƙofar da kai. Ka yi magana tun da wuri kawai, kar ka bari sai an kira sunanka kana raka'a ta biyu.

Maman Khalifa (Landan):
Ni ba na bugawa, ɗana nake kaiwa gasar Pokémon, to amma zaman jira ya koya mini abubuwa. Su dek ɗinsu kati 60 ne cif, ba ƙari ba ragi, kuma a gasar da ake ba da maki sai ka rubuta sunan kowane kati a takarda ka miƙa kafin a fara. Akwai wani ɗan harafi a ƙasan katin, shi yake nuna ko katin yana cikin waɗanda ake bugawa a bana ko zamaninsa ya wuce. Duk daren gasa ni da shi muke baje su a kan tebur muna dubawa ɗaya bayan ɗaya.

Ku kula da rigunan kati. An taɓa duba dek ɗin Khalifa aka ga riguna uku sun lanƙwashe a kusurwa. Alƙaliyar ta ce ko ba da gangan ba ne, ana iya gane katin ta baya, sai an sauya. Yaro ya fara hawaye yana zaton an ce ya yi maguɗi. Ta durƙusa daidai tsayinsa ta ce masa ba wanda ya zarge shi, ta taya mu sauya rigunan, ta ƙara musu lokacin da aka ɓata. Tun ranar nake ajiye sabon ƙunshi a jaka.

Abin da nake so da tsarin shi ne ba a korar wanda aka ci. Kowa zai buga duk zagayen, wanda ya ci a haɗa shi da wanda ya ci, wanda ya faɗi da wanda ya faɗi. Zuwa zagaye na uku za ka tarar kana zaune da sa'anka. Ɗan Fagge, wannan ya amsa maka tsoron a ci da kai.

Iyaye kuma ku sa ido a kan musayar kati. Yaro yana ganin mai ƙyalli sai ya ba da mai tsada. Na kafa masa doka, ba musaya sai na gani ko ma'aikacin shago ya duba.

Abu Sumayya:
Ku yi haƙuri zan shigo da abin da ba a tambaya ba. Ni na buga Yu-Gi-Oh! shekaru, na daina shiga gasar da ake biya. Kowa ya zuba kuɗi, wasu su tafi da fakitoci, wasu hannu rabbana, zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Buɗe fakiti ma haka, ka biya ba ka san abin da ke ciki ba, kana fatan mai tsada. Mun san a 2001 malaman Saudiyya sun yi fatawa a kan Pokémon, kuma caca tana cikin dalilan da suka kawo. Ba ina yanke wa kowa hukunci ba ne, amma ya kamata ƙaninmu ya ji wannan ɓangaren kafin ya je.

Zango Boy:
Malam Abu Sumayya, maganarka tana kan hanya, kuma na ji daɗi da ka kawo ta. Nima ta dame ni. Su kansu masu wasan suna gudun a haɗa su da caca. Magic na farko yana da dokar da kowa zai ajiye kati ɗaya, wanda ya ci wasan ya kwashe, aka cire ta, katunan da suka dogara da ita ma an hana su a gasa. Yau in lokaci ya ƙare kuka ce bari a jefa dayis a ga wanda ya ci, ko ka yi wa wani tayin fakiti don ya sallama maka, hukunci mai tsanani ne a kanku. A diraf kuma katunan da na zaɓa nawa ne, da su nake komawa gida ko na ci ko ban ci ba, shi ya sa nake kallon kuɗin a matsayin na kaya da wurin zama. Amma batun kyautar da ake ɗorawa a kai, na kai wa malamin masallacinmu, na bi abin da ya ce mini. Kowa ya kai wa nasa malamin da cikakken bayanin yadda shagonsu yake yi, don shago ya bambanta da shago.

Abu Sumayya:
Haka ne. Ni dai yanzu katin da nake so shi nake saya kai tsaye da farashinsa a rubuce, kuma ina zuwa ranakun da ake buga na nishaɗi kyauta. Wasan bai ragu da komai ba a wurina.

Injiniya Sadiq:
Ɗan Fagge, abu ɗaya zan ƙara: kar ka ji kunyar kiran alƙali, kuma kar ka ji kunyar cewa ba ni in karanta. Yawancin mutanen shago kirki gare su, amma ba a rasa mai son cin banza. Na taɓa karawa da wani mai sauri kamar ana korarsa, yana zubo kati yana magana ƙasa-ƙasa. Ina riƙe da katin Nibiru mai share dodannin fili, ina ƙirga dodannin da yake kira a zuciyata, don sai ya kira 5 a juyi ɗaya katin yake aiki. Da na biyar ya sauka na ce dakata, ina da amsa. Ya ce ai ya riga ya wuce zuwa yaƙi. Ban yi musu da shi ba, na ɗaga hannu. Alƙali ya ji ta bakin kowa, ya tambaye shi ko ya ba ni damar amsawa kafin ya bar matakin, ya yi shiru. Aka mayar da wasa baya, na share masa fili. Da na biye masa da gardama, ko na yi kawaici irin namu na ce bar shi kawai, da an cuce ni ina kallo. Kawaici ba ya aiki a teburin gasa.

Ka kuma san dek ɗinka sosai kafin ranar. Mai dek mai araha da ya haddace hanyoyinsa ya fi mai tsada da yake karanta katinsa a tebur, don agogo ba ya jira. Karo da yawa lokaci ne yake kashe su, ba kati ba.

Na Kabuga (Kano):
Ina karanta ku ina jin daɗi. Mu nan gida namu daban ne. Muna yara katunan da muke saya a bakin makaranta duk jabu ne, Turancinsu a karkace, wani dodon ma an ƙara masa sifili a ƙarfinsa. Sai da wani yayanmu ya dawo daga waje da na gaske muka ga bambanci: takardar ta fi kauri, rubutun ya fita tsaf, ga ɗan tambari mai walƙiya a kusurwar dama ta ƙasa.

Yanzu mukan haɗu a zauren wani abokinmu bayan la'asar, mu takwas ko goma. Ba kuɗin shiga, ba kyauta, sai lemo da wanda ya zo na ƙarshe a jeri zai saya. Wanda ba shi da wani kati ya buga hotonsa a shagon kwamfuta, ya yanka, ya zura a riga gaban wani katin banza, duk mun yarda da haka tsakaninmu. Ni nake rubuta jadawali a bayan kwali, maki 3 ga wanda ya ci, 1 in an yi canjaras. Lokacin zafi gumi yana sa rigunan su manne da juna, sai mun shimfiɗa zani a kan tabarma. Wahalarmu ita ce kayan, sau da yawa kuɗin aiko da kati ya fi kuɗin katin kansa.

Yaya Baban Ilham, in kana da niyyar zuwa gida hutun ƙarshen shekara, don Allah ka riƙo mana riguna.

Baban Ilham:
In sha Allahu ina tafe a Disamba. Ka faɗa mini adadin ku. Na Yu-Gi-Oh! ƙanana ne, ba girmansu ɗaya da na Magic da Pokémon ba, don haka ka tambayi kowa wanne yake bugawa. Katunan Japan ɗin nan da na taho da su daga Malesiya ma suna nan a akwati ba abin da nake yi da su, zan haɗo muku duka ku raba.