Wai Talaka Kaɗai Dokar Gudu Ta Sani?

Abban Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Yau raina a ɓace yake, gara in faɗa ko na ji sanyi. Da sassafe na bar Kano zan je Zariya duba surukata da aka kwantar a asibiti. Na wuce Kwanar Ɗangora kaɗan sai wasu jami'an hanya suka tsayar da ni, wai na yi gudun wuce kima. Suka ce na'urarsu ta nuna 132, ni kuwa idona na kan maleji, bai wuce 120 ba. Na ce a nuna min, ba a nuna ba. Ana cikin rubuta min takardar tara sai ga ayarin wani babba da jiniya, motoci sun fi goma, suka wuce kamar iska, har motata sai da ta girgiza. Babu wanda ya ɗaga musu hannu. Awa biyu na ɓata a gefen titi. Ba zan kira sunan hukuma ba, amma ina nan a kan bakata: dokar gudu a ƙasar nan talaka aka yi wa ita.

Baba Na-Gwale: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Maman Walid: Amin. Amma Abban Hanifa, talaka kuma? Mutumin da ke da motar kansa, ya shiga gidan mai ya sha na zuwa Zariya da dawowa a wannan marrar, shi ne talaka? To mu masu tsayuwa bakin titi muna ciniki da mai a-daidaita-sahu a kan naira ɗari, me sunanmu?

Abban Hanifa: Hajiya, motar da kike magana ta girmi babban ɗana. Da bashin ofis na saye ta, har yau ana cira a albashina.

Maman Walid: Mai albashi ma ke nan. Ka ga ka ƙara nisa da talauci.

Ɗan Zazzau: Gaskiya Maman Walid ta faɗa. Kowa ya ji zafi sai ya ari rigar talaka ya saka. Talakan da na sani a wannan hanyar shi ne mai tallar rake da mai tura kura da yarinyar da ke tsallaka titi da farantin gyaɗa. Su ake bankewa. Kai kana cikin mota gilashi a rufe.

Direban Sharon: Ku da ba ku san mota ba ku daina cewa mai mota ba talaka ba ne. Shekarata goma sha bakwai a hanyar Kano zuwa Kaduna. Motar da nake ja ba tawa ba ce, kullum sai na kai wa mai ita balas, ko na samu ko ban samu ba. Ga kuɗin tasha, ga ɗan kamasho, ga mai. In ban yi sahu biyu a rana ba, gidana ba a ɗora tukunya. Ni ba talaka ba ne don ina riƙe da sitiyari?

Maman Walid: Kai daban, Malam direba. Kai nema ka fita. Shi fa motar hawa gare shi.

Injiniya Sabo: Jama'a, an bar jaki ana dukan taiki. Ku koma kan lambar da shi da kansa ya faɗa. Ya ce 120 yake yi. A ƙa'idar hanya ta Najeriya, ƙaramar motar gida iyakarta kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a babban titi mai tagwayen hannu. Tasi da bas 50, 80, 90. Tirela da tanka 45, 50, 60. Ko an ɗauki maganarsa an bar ta na'ura, ya haura da 20. Abban Hanifa, ba don in ɓata maka ba, amma da bakinka ka amsa laifin. Nawa ma aka rubuta maka?

Abban Hanifa: Injiniya, wa ke yin 100 a sabon titin nan? Ka hau shi kuwa tun da aka gama? In ka tsaya a 100 har mai kurkura sai ya yi maka hon.

Malam Mai Almajirai: Ina neman izini in sa baki a kan kalmar da ake ja. Masu cewa mai abin hawa ba ya zama mabuƙaci, su duba Suratul Kahfi aya ta 79. Jirgin da Halliru ya huda, Allah ya ce na wasu miskinai ne masu aiki a cikin teku. Suna da jirgi, kuma Alƙur'ani ya kira su miskinai. Malamai sun kafa hujja da wannan a kan cewa mutum na iya mallakar wani abu amma bai ishe shi ba.

Direban Sharon: Allah ya gafarta Malam! Magana ta ƙare.

Ɗan Zazzau: Ba ta ƙare ba. Allah gafarta Malam, ayar ta ce masu aiki a cikin teku. Jirgin abin sana'arsu ne. Wannan hujjar direba ce, ba ta mai zuwa dubiya a motar kansa ba. Kuma tunda an buɗe Alƙur'ani, ai akwai inda aka ce kada ku jefa kanku cikin halaka da hannuwanku, a Baƙara. Me ya sa ba a jawo wannan ba?

Malam Mai Almajirai: Ɗana, ni kalma na gyara, ban ce gudu halal ne ba. Kuma a koyi ladabin yi wa manya magana.

Ɗan Zazzau: Ban yi rashin ladabi ba, tambaya na yi.

Baba Na-Gwale: Ku yaran yanzu ba ku san ma'anar talaka ba sam. A da, talaka ba ya nufin marar kuɗi. Talaka shi ne wanda ba ya cikin sarauta, ba shi da iko, ana yanke hukunci a kansa ba a tambaye shi ba. Attajirin Kurmi mai raƙuma ma talakan sarki ne. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, ai cikin waɗanda suka bi Malam Aminu Kano har da 'yan kasuwa da teloli da malaman makaranta, kuma duk talakawa suke kiran kansu. A wannan ma'anar, duk wanda za a tsayar a titi ayarin jiniya ya wuce shi, talaka ne. Yaron nan bai yi kuskure ba.

Abban Hanifa: Na gode Baba. Abin da nake nufi ke nan, bakina ne bai kai ba.

Maman Walid: Baba, da girmanka, amma wannan ma'anar ta zamaninku ce. Yau in aka ce za a raba wa talakawa shinkafa, mai Kurmi da raƙumansa zai shiga layi?

Jar Hula Har Abada: Tunda an ambaci Malam Aminu, a faɗi gaskiya, wanda ya gaji aƙidarsa shi ne ya kawo tsari a titunan Kano. Kafin a kafa KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, a 2012 zamanin Kwankwaso, wa ke tsayawa a danja? Kowa ya san yadda shataletalen garin nan suke a da.

Sarkin Yaƙin Gandu: Ga shi nan an fara. Ana maganar hanyar Zariya, kai ka kawo mana hula. Gadojin da suka rage cunkoso a garin nan fa, su wa suka ƙarasa su? Ko su ba tsari ba ne?

Jar Hula Har Abada: Wa ya fara gadar Kofar Nassarawa? Amsa min wannan kawai.

Sarkin Yaƙin Gandu: Wa ya yi ta Dangi? Kai ma amsa min.

Shugaban Zaure: Don Allah a bar siyasa. Na sha faɗa.

Injiniya Sabo: Bari in sake gwadawa, ko mutum ɗaya zai karanta. Daga Kano zuwa Zariya wajen kilomita 137 ne. A 100 za ka yi minti 82. A 120 za ka yi kusan 69. Duk gudun nan minti 13 ko 14 ake saye da shi. A 120 kuma, kowace daƙiƙa ɗaya mota na cin mita 33, wato kafin ƙafarka ta bar totur ta sauka a birki ka riga ka shafe tsawon gidaje biyu ko uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda mota ta buge a gudun 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka na wanda aka buge a 50 sau huɗu da rabi. Titin nan kuma ba a daji yake ba. Ya ratsa Kura, ya ratsa Kwanar Gafan inda ake hada-hadar tumatir, ya ratsa Tashar Yari. Kyan kwalta ba ya kwashe mutane daga bakin hanya.

Ni a ganina matsalar ma tarar ta yi kaɗan. A jadawalin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka daɗe ana aiki da shi, wuce ƙa'idar gudu naira 3,000 ne da makin laifi 3 a kan direba, tuƙin ganganci 50,000. A 2011 mafi ƙarancin albashi 18,000 ne, a 2024 ya koma 70,000. Dubu uku ta zama kuɗin 'yan litocin mai. Legas da ta kafa kyamarori a 2025, 50,000 ta sa wa mai gudu.

Direban Sharon: Injiniya, kana zaune a ofis mai sanyi kana neman a ƙara mana tara? Mu aka fara ɗaure wa wuya. Tun 1 ga Fabrairun 2017 aka tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu, da kuɗinmu muka saya. Masu manyan jif fa, wa ya sa musu? Kuma fasinja da kansa ke zaginka in kana tafiya a hankali, ya ce direba ko amarya ka ɗauko. Ka taɓa jin wannan a lissafinka?

Injiniya Sabo: Ban ce a ƙara wa direban haya shi kaɗai ba. A Finlan gwargwadon samunka ake cin ka tara. A 2001 wani babban jami'in kamfanin Nokia ya yi 75 a babur inda aka ce 50, aka yanke masa yuro 116,000. Irin wannan nake so, mai jif ya ji a jikinsa kamar yadda kake ji.

Sarkin Yaƙin Gandu: Nan ba Turai ba ce.

Ummu Aiman Jidda: Ba sai an je Turai ba. Nan Saudiyya kyamarar Sahir ce ke aiki. Babu mai tsayar da kai, babu jayayya a gefen titi, saƙo kawai za ka gani a waya. Maigidana sau ɗaya ta kama shi, tun daga ranar ya nutsu. Da irinta ce a hanyar Zariya, da Abban Hanifa ya ga hotonsa, da ayarin ma an ɗauke su.

Jar Hula Har Abada: Ku na waje kullum sai kun nuna mana kun fi mu.

Ummu Aiman Jidda: Subhanallah. Ni 'yar Fagge ce, me na nuna?

Hajiya Iya: Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba. Ɗan ƙanwata shekararsa tara, an aike shi sayen ƙanƙara da azumi, zai tsallaka babban titi mota ta ɗauke shi. Waɗanda suka gani sun ce ko birki mai motar bai samu takawa ba sai da ya wuce da nisa. Ya tsaya, ya yi kuka, ya bi mu har makabarta. Ba mugu ba ne, sauri yake yi, shi ma wani uzuri ne da shi. Uwar yaron har yau ba ta iya bin ta wannan wurin. Ni ban damu ba ko mai motar talaka ne ko basarake. Abban Hanifa, ɗana, ka ji haushin ayarin, ka yi daidai, ni ma ina jin haushinsu. Amma ka rage gudu.

Baba Na-Gwale: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ne.

Abban Hanifa: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Na ji.

Maman Walid: Allah ya ba da haƙuri. Kun ga irin waɗanda nake kira talakawa ke nan.

Direban Sharon: Haba Maman Walid, ko a kan rasuwa sai kin ci gardama?

Maman Walid: Kai ka mayar da ita gardama. Ni misali na bayar.

Ɗan Zazzau: Direbobin Kano ne ma suka fi kowa ƙure maleji a hanyar nan, kowa ya sani.

Direban Sharon: Kawo hujja. Rabin 'yan layinmu mutanen Zariya ne da Maƙarfi.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. Na bi maganganun nan tun daga farko, kuma ni ma ina bin hanyar nan duk mako, na san abin da masu mota ke gani. Abin da ya fito fili shi ne an zalunci Abban Hanifa, tunda ba a nuna masa shaida ba kuma an ƙyale ayarin babba. Batun ko shi talaka ne, Malam ya kawo aya, Baba ya kawo tarihi, mafi yawanmu mun gamsu cewa talaka ne. Masu ganin akasin haka ba su kawo komai ba sai ra'ayi. Lissafin Injiniya yana da kyau a takarda, amma wanda ke tuƙi ya san titi daban takarda daban. Muna yi wa Hajiya Iya ta'aziyya. A rufe maganar haka.

Maman Walid: Su wa ne mafi yawa? Na ƙirga, mutum huɗu ne, kai na biyar, kuma uku a cikinku masu mota ne.

Ɗan Zazzau: Shugaba, ka tsallake inda ya ce da bakinsa 120 yake yi.

Injiniya Sabo: Har yanzu dai ba a gaya min nawa aka rubuta masa ba.

Abban Hanifa: Injiniya, zan turo maka takardar ta waya, ka duba min ko a banki ake biya. Gobe da safe zan koma Zariya, an ce za a sallami surukar tawa.