Kyamarata ta ƙi kama kwaɗi a akwatin gilashi, a taimaka

Assalamu alaikum jama'a. Ina Jidda, ina kiwon kwaɗin bishiya guda biyu, koraye irin na Ostireliya, a akwatin gilashi mai murfi ta sama. Asali na ɗan maigidana ne, ya tafi karatu ya bar min su, sharaɗin kawai in riƙa tura masa hoto. Don haka na sayi ƙaramar kyamara ta hannu a haraji, wato kasuwar gwanjo, mai ita ya ce sabuwa ce kusan. To duk hoton da na ɗauka, ganye da itacen baya su fito tas, kwaɗon kuma dishi-dishi. Wani sa'in lensin ya yi ta shiga da fita ya ƙi tsayawa. Lalacewa ta yi ne ko ni ne?

Mai Hoto Kandara: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba ka faɗi samfurinta ba, amma lafiyarta ƙalau. Irin waɗannan suna saita fokas ne da bambancin haske da duhu, fatar kwaɗo kuwa sumul take, launi ɗaya, sai ta tsallake shi ta kama ganye mai jijiyoyi. Danna alamar furen nan, shi ne makro, na ɗaukar abu na kusa. Mayar da zum baya gaba ɗaya, domin a nan ne take iya kama abu a santimita 5 ko ƙasa. Da ka ja zum sai ta nemi rabin mita ko fiye. Shiga saiti ka kashe gane fuska, ka bar akwatin fokas guda ɗaya a tsakiya. Ɗora shi a kan idon kwaɗon, ba bayansa ba, danna madannin rabi, jira akwatin fokas ɗin ya yi kore, sannan ka ƙarasa. Kashe filasha, ka kashe 'yar fitilar nan mai ja da ke kunna kafin ɗauka, gilashi ke dawo da ita. Lensin ya kusan manne da gilashin, kuma ya fuskance shi kai tsaye, kada ka karkata.

Mai tambaya: Na gode Yaya. Zum ɗin dole nake ja, in na matso guduwa suke yi bayan itace. Kuma da dare kaɗai suke fitowa, in na kashe filasha me zan gani?

Ummu Yara: Ɗana, kafin saiti duba gilashin. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na aiki dare da rana, ɗaki sanyi, cikin akwati ɗumi da laima, dole ya yi gumi ta ciki, kyamara kuma ɗigon ruwan take kamawa. Goge shi da tsumma mai tsabta da ruwa zalla. Ban da maganin goge gilashi, ban da sabulu, kwaɗo ta fata yake shan komai. Farin tabon da fesa ruwa ke bari kuma, ruwan khal ke cire shi, amma sai ka fitar da su, ka ɗauraye sosai. Ruwan wayit, wato na tanka, da ake kawo mana ma ai kofi baya barinsa da haske, balle wannan.

Ɗan Misfala: Ni ban yarda da mannewa ba. Ja baya mita ɗaya, ɗora ta a kan mai ƙafa uku, ja zum kaɗan, sa taima ta daƙiƙa 2. Kashe wutar ɗakin, sa baƙar riga, shi ke nan inuwarka ba za ta fito a gilashi ba. Kwaɗo kan yi minti goma bai motsa ba.

Mai Hoto Kandara: Malam, a mita ɗaya da zum ƙofar lensin tana tsukewa, haske ya ragu, fokas ya ƙara rikicewa. Abin da yake kuka da shi ke nan. Ƙanena, nemi tocila ta LED, rufe bakinta da farar takarda, haska ta murfin sama ko ta gefe, ba daga inda kyamara take ba. ISO, wato ƙarfin karɓar haske, sa shi 400, in ta kama 800, kada ka wuce, hoton zai yi tsaki-tsaki. Saurin ɗauka kada ya yi ƙasa da 1/60 na daƙiƙa in a hannu kake. Naɗe baƙin ƙyalle a gefen lensin ya toshe hasken ɗaki. In kana da kuɗi, Olympus TG-6 na kama abu a santimita 1.

Ɗan Misfala: Wayarsa ma za ta yi, ya taɓa idon kwaɗon a allo. Mutane na son kashe riyal a banza, masu haraji kuma suna jiransu.

Mai tambaya: Wayata kyamararta ta tsage, kuma na riga na biya kuɗin wannan. Hajiya, gumin ba shi da yawa, a sama kawai yake. Mukayyif kuma ba zan iya kashewa ba a zafin nan. Na gwada alamar furen yanzu, akwatin fokas ɗin ya yi kore amma a kan ganye.

Mai Hoto Kandara: Ka mayar da zum ɗin baya?

Mai tambaya: Kaɗan na ja, ba sosai ba.

Ummu Yara: Wai me kake ba su ne, gyare ko tsutsa?