Me ya sa ƙaramar girgizar ƙasa ta fi babba kisa?

Birkila, Tudun Wada, Gombe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya yarona yana bitar karatu ya karanto min abin da ya ɗaure min kai. Wai a 2010 girgiza mai maki 7.0 ta kashe sama da mutum 100,000 a Haiti, bayan 'yan makonni mai maki 8.8 ta afka wa Chile, mamatan ko 1,000 ba su kai ba. Na ce ko dai ya juya lambobin ne, ya rantse haka yake. Masana a taimaka min.

Malamin sakandare, Bauchi:
Wa alaikumus salam. Yaro bai juya komai ba. Ta Chile ma ta ninka ta Haiti ƙarfi kusan sau 500. Sai dai ta Haiti a gindin babban birninsu ta tashi, kuma ba ta da zurfi, kamar kilomita 13. Sauran bayanin kuwa a fagenka na gini yake, Malam. A 1960 Chile ta ɗanɗana mai maki 9.5, mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa, shi ya sa ba sa wasa da dokar gini. A Haiti kuwa dakin, wato rufin kankare, mai nauyi aka ɗora kan filolin da ba su da isasshen rodi, suka zauna kan mutane. Lokaci ma yana da nasa. Ta Turkiyya da Siriya a 2023 ƙarfe 4:17 na asuba ta zo, kowa na cikin bargo.

'Yar Toro:
Kada a ɗauka labarin nesa ne. Cibiyar gwamnati mai auna motsin ƙasa a garinmu take. Ƙasa ta motsa a Kwoi a 2016, ta motsa a Mpape ta Abuja a 2018. Ƙanana ne, Allah ya taƙaita.

Dattijo, Kumo:
Yara, wani abin ma ko ƙara ba ka ji daga nesa. Ina fataucin shanu a 1986 aka yi na tafkin Nyos a Kamaru, wanda ke bakin tsohon dutse mai aman wuta. Iskar gas ce mai nauyi ta fito daga tafkin cikin dare ta bi kwari, ta kashe mutum wajen 1,700 da shanu dubbai, yawanci suna barci. Na kan tudu da dama sun tsira. Ajali gaskiya ne, amma inda ka kafa gidanka ma sababi ne.

Birkila:
Na gode ƙwarai Baba, Allah ya ƙara girma. Malam, maganar rodi ta sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Makon jiya wani mai gida ya ce in rage rodin fila a benen da muke yi, wai nan ba a girgiza. Bulon da ya kawo kuwa, da yatsa kake murje shi, yashi ya fi siminti bakin magana. Gobe da safe da wayar nan zan je wurin aiki, in karanta masa na Haiti da kaina.